Jelar Rago a Daminar Agege

A wani lungu na Agege, can bayan layin dogo, akwai gida mai ɗakuna jere suna kallon juna. Wanda ya ratsa tsakiyarsa ya fita ta ƙofar baya zai tarar da wani baƙin ƙarfe tsaye ƙarƙashin rumfar kwano, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Yana da ƙafafu masu taya, da tumbi kamar ganga a kwance, da ɗan bututun hayaƙi a gefe. Mutanen gidan suna ce masa kan jirgi. Ba ya zuwa ko'ina, nama ake gasawa a cikinsa, kuma na Malam Sunusi ne.

Sunusi mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gumel. Ya zo Ikko yana saurayi, da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma kafin shuka. Ya yi dakon albasa a Ketu har gashin tsakiyar kansa ya gudu, ya sayar da shayi a Obalende, daga nan wani ɗan garinsu ya sama masa gadi a Ikoyi. Damina ta yi ta sauka a Gumel tana ɗaukewa ba da shi ba. Ya dai koma ya auro Kalsum, ya taho da ita da akwatinta da ƙwaryarta, da wani turmin kirya da mahaifinta ya sa aka sassaƙa mata. Masu lodi a tasha sun yi ta tsaki saboda nauyin turmin, ita kuwa ta ce in ba za a ɗora shi ba, to ita ma a sauke ta.

Gidan da ya fi daɗewa yana gadi na wata likita ce Bayeraba wadda ta yi shekaru a Amurka. Da ƙarfen ta dawo. Ranar Asabar da sassafe takan shafe naman ƙirjin saniya da kayan yaji, ta sa a ciki, ta rufe, ta shiga motarta. Abin da ta ɗora wa Sunusi kawai shi ne kada akwatin da ke gefen ƙarfen ya yi wayam. A cikin akwatin ake zuba wasu ƙananan ƙwayoyi masu santsi, garin itace ne aka matse, kowacce ba ta kai gaɓar yatsa ba. Wani murɗaɗɗen ƙarfe ne ke jan su a hankali zuwa wani ɗan kasko da ke can ƙasa, inda wutar lantarki ke kunna su, fanka tana hura musu iska. Shi da ya tashi a gidan da ake durƙusawa a hura murhu da baki har ido ya yi ja, sai ga shi yana gadin wutar da ke ciyar da kanta, loma bayan loma, ba ta haɗama, ba ta fushi.

Hayaƙin ne ya kama shi. Siriri ne, shuɗi-shuɗi, yana fita daga bututun kamar zaren da ake warwarewa. Yakan zauna kan bencinsa a bakin ƙofa ya bi shi da ido har ya haura bishiyar kwakwa, daga can kuma ba ya sanin inda hankalinsa ke tafiya. Sau da yawa sai mota ta yi oda sau biyu kafin ya tashi.

Da likitar ta tsufa za ta koma wurin 'ya'yanta, ta zagaya da shi cikin gidan ta ce ya zaɓi abin da yake so. Ga firij, ga talabijin, ga kujeru. Ya wuce su duka ya fita bayan gida ya tsaya. Ta yi dariya har ta dafa bango, ta haɗa masa da sauran buhunan ƙwayoyin. Ranar da aka sauke shi a Agege, Kalsum ta zagaya shi sau ɗaya, hannunta a ƙugu.

"Mazan mutane na dawowa da firij, Malam. Kai ka dawo mana da jirgin da ba ya tafiya."

"Ai mun riga mun iso," in ji shi.

Bai mai da shi sana'a ba, ko da yake an ba shi shawara. Sai dai in an yi suna, ko wani a gidan ya tashi daga ciwo, ya yaye tabarmar, ya sa kaji biyu ko cinyar akuya, ya wuni kusa da shi. Buhunan suka yi ta raguwa har saura ɗaya. Wannan ya naɗe shi cikin leda, ya ɗora kan katako ƙarƙashin gado, don ƙwayar ba ta shiri da laima.

A shekarun nan ne Kalsum ta fara tafiya tana zaune. Za ta kifa turminta a bakin ƙofa, wanda ya daɗe da tsagewa ya zama kujera, ta zauna a kai tana tambayar ko an dawo da awaki. Takan aiki yaran gidan rijiyar da ba su taɓa gani ba. Wani lokaci ta gaishe da mai ɗinki Kamal, maƙwabcinsu, da sunan wani kawunta da ya rasu tun ana kashe kwabo. Duk wannan da sauƙi. Abincin ne ya tsaya wa Sunusi a rai. Loma biyu, uku, sai ta ture kwano. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa. 'Yarsu Surayya, wadda ke aure a Abule Egba, ta kai ta asibiti, aka duba aka ce babu abin da ya tare mata maƙogwaro, a dai lallaɓa ta ta ci.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, an ɗaure rago a bayan gida, ruwan sama na dukan kwano, sai ta ɗago kai.

"Malam, bana wa zai ƙyafe jela?"

Tambayar ta mayar da shi gida. A garinsu, in an yanka ragon layya, akan ware jelar a ƙyafe ta, a rataye saman murhu tana shan hayaƙi har sabuwar shekara ta kama. Ranar Cika-ciki a sauko da ita a yi miya, kowa ya ci tuwo har ya kasa tashi, domin an ce wanda bai ƙoshi ran nan ba, haka zai ƙare shekarar. Shekarar da Kalsum ta zo Ikko amarya, Sallah ta faɗo tsakiyar damina. Ta ƙyafe jelarta yadda ta ga ana yi a gida, ta rataye. Ba a yi nisa ba laimar garin nan ta sa mata koren gashi. Ta kai ta kwata da kanta, ta dawo ta wanke hannu, ba ta ƙara ambatar jela ba. Yanzu watanni sun yi zagayensu, Sallah ta sake faɗowa tsakiyar damina, ita ma maganar ta dawo.

"Ni zan ƙyafe," ya ce.

"To. Ni dai cikina na ajiye shi sai ranar."

Nan ya gane dalilin da take ture kwano. Daga ran nan da jela yake lallashinta: ci kaɗan, Kalsume, don ki kai ranar da ƙarfinki. Sai ta karɓi loma ɗaya. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, in ranar ta zo babu jela, bai san da me zai sake buɗe bakinta ba.

Bai damu ba da farko, tunda ga kan jirgi, ga buhu ƙarƙashin gado. Ranar jajibiri ya tafi wurin mai wasa wuƙa. Da ya dawo sai ya tarar da ledar a yashe tsakar ɗaki. A bayan gida ga Kalsum tsaye gaban rago da babbar roba. Ta juye buhun duka, ta zuba ruwa, ta barbaɗa kanwa, ta dama da hannu yadda ake yi wa dabba dusa. Ƙwayoyin sun sha ruwa sun kumbura sun koma gari. Ragon ya sunsuna ya kau da kai.

"Ragon nan naka ɗan gayu ne, Malam. Abinci mai kyau ka ɓoye masa ƙarƙashin gado, na ba shi kuma ya ƙi."

Sunusi ya dubi robar, ya dubi hannunta da garin ya manne wa har gwiwa.

"Ƙila ya ƙoshi," ya ce.

Kafin ya ajiye wuƙaƙen ya dawo, ta tuttular da shi a kwata, ruwan sama ya yi gaba da shi.

Surayya ta zo ran Sallah da yamma, ta ji labari, ta riƙe baki.

"Baba, abeg, a sa a firiza mana. Ranar a fito da ita, wa zai sani?"

"Ita."

"Mama da ba ta san yau wace rana ba?"

"Hancinta bai manta komai ba. Kuma so take ta riƙa ganinta a rataye."

Surayya ta lalubo masu sayar da ƙwayoyin a wayarta, can wajen Lekki, ta miƙa masa ya ga farashi. Ya mayar mata da wayar a hankali kamar mai mayar da jaririn wani. Itace kuwa mai gidan haya ya hana hura shi tun wata gobara da aka taɓa yi a layin. Gawayi zafi gare shi, ba shi da hayaƙi. Jelar tana cikin kwano, an shafe ta da gishiri, tana jira, kuma gishiri ba ya jira har abada a garin nan.

Washegari yana alwala abin ya zo masa. In har idon Kalsum, wadda ta yi kiwo tun tana yarinya, ya ɗauki ƙwayar nan abincin dabba, to injin da ke yin abincin dabba ba zai rasa yin irinta ba. A hanyar mayanka akwai masu injin matse abincin kifi da na kaji. Ya bi ta wurin masu yankan katako ya cika buhu da gari, ya kai wa wani Bayerabe mai injin, mutum mai tumbi da fara'a. Aka dama da ɗan ƙullun rogo don ya kama, aka matse, suka fito kamar na gaske. Ya busar da su a kasko, ya zuba, ya kunna. Hayaƙin da ya fito baƙi ne, mai ɗaci, warin gam da fenti da ƙarnin kifi. Matar ɗakin ƙarshe ta leƙo tana tari, tana tambaya da Yarbanci ko taya ake ƙonawa. Ya kashe. Garin katakon Ikko tarkace ne, ba wanda ya san daga wace bishiya ya fito.

Ya zauna a dokin ƙofa. Kalsum na ciki tana barcin rana. Turminta na kife a gefensa, ya ɗora hannu a kai kamar yadda mutum ke dafa kafaɗar aboki. Kirya ce, itacen da maƙera ke nema, mai cin wuta a hankali. Ya daɗe hannunsa na wurin.

Surayya ta fito da tsintsiya ta ga inda yake kallo.

"Baba. A'a."

Ya shafa gindin turmin.

"Turmin Mama fa? Shi kaɗai ya rage cikin kayan da ta zo da su. A kan me za ta zauna?"

"Akwai kujera."

"In ta tambaya fa?"

"In tana da ƙarfin tambaya, ai mun gode Allah."

Surayya ta jingine tsintsiyar. Ita ce ta je ta aro gatari.

A bayan gida ya fasa shi, ta bin tsohuwar tsagar. Da ya buɗe biyu sai wani ƙamshi ya taso wanda bai yi tsammani ba. Cikin itacen ya yi ja har zurfin yatsa. Barkono ne, da citta, da kanumfari, da daddawa, duk abin da aka daka a ciki tun tana amarya ya shige ya kwanta. Ya tsaya da gatari a hannu har sai da ruwa ya fara ɗiga masa a wuya.

Wani kafinta ya fere masa guntayen har suka koma gari, ya kwashe ya koma wurin mai injin. Mutumin ya ɗebo ya sunsuna, ya dube shi.

"Baba Hausa, jiya katako, yau turmi. Wane irin kifi kake kiwo?"

"Na ƙarfe."

"Yana girma kuwa?"

"Ci dai yake yi."

Mai injin ya yi dariya har ya share hawaye, ya gaya wa ma'aikatansa, su ma suka dara. Amma da Sunusi ya roƙe shi a wanke bakin injin kafin a zuba, kada ƙarnin kifi ya bi, bai yi musu ba. Da hannunsa ya wanke. Ƙwayoyin suka fito jajaye-jajaye, masu ɗumi, ba su kai rabin buhu ba. Turmin da ya gagari masu lodi, Sunusi ya rataya shi a kafaɗa ya hau motar haya ta danfo.

Sai da ya gasa su sama-sama a kasko suka bushe ƙarau, sannan ya zuba a akwatin. Ya murɗa maɓallin zuwa mafi ƙarancin zafi, ya kwantar da jelar kan wayar ƙarfe, ya rufe. Fanka ta fara gunjinta. Can sai murɗaɗɗen ƙarfen ya juya, aka ji ƙwayoyi na faɗawa kasko ɗaya-ɗaya kamar farkon yayyafi. Hayaƙi ya fito fari, ya yi kauri, sannan ya sirance ya koma shuɗi.

Bai kira ta ba. Da kanta ta fito, tana bin bango, ta zauna kan kujerar roba da aka ajiye mata. Ta lumshe ido. Hayaƙin bai haura sama ba saboda nauyin hadari, sai ya kwanta ƙarƙashin rumfar yana yawo tsakanin igiyoyin shanya.

"An fara girbi ke nan," ta ce.

"An kusa."

"Ka ji Inna na daka? Ta cika citta, kullum sai na gaya mata."

Ya ce ya ji. Jirgin ƙasa ya wuce can baya, ƙasa ta yi rawa kaɗan, ita ba ta buɗe ido ba. Ta yi ta ba shi labarin wata kuka mai kogo, da wata saniya da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an yi mata waƙa. Shi ma ya bar idonsa ya bi hayaƙin. Ya ga rairayin bakin ƙauyensu, ya ga wata yarinya da tulu tana yi kamar ba ta gan shi ba. Da aka ɗauke wuta, fanka ta yi shiru, Kamal ne ya miƙo wayar wuta ta taga daga ɗan janaretansa, bai jira an roƙe shi ba.

"Baba, in jirgin nan ya tashi dai, a ajiye mini kujerar gaba."

"Kai da ke ba shi mai, ai kai ne direba."

Da la'asar jelar ta yi ja ta yi sheƙi, kitsenta ya tsane. Ya ɗaure ta da igiya ya rataye a ƙusa saman ƙofar ɗaki, inda Kalsum za ta gan ta daga gado.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ruwa bai ɗauke ba. Bango ya yi gumi, takalma suka yi fari a ƙarƙashin gado, gishiri ya narke a gwangwani. Kowace safiya Sunusi kan sauko da jelar ya juya ta a haske, ya sunsuna. In ya ji ta yi taushi ko ta fara danshi, sai ya mayar da ita cikin ƙarfen ta sha hayaƙi rabin yini. Duk ranar da aka kunna, Kalsum na fitowa, kuma ran nan takan ci loma huɗu ko biyar. Wata rana tana zaune ta shafa hannun kujerar robar, ta dube ta kamar yau ta fara ganinta.

"Ina turmina?"

Surayya, da ke tsince shinkafa, ta sunkuyar da kai.

"An ara," in ji Sunusi.

"To a gaya musu su wanke kafin su dawo da shi. Mutanen yanzu ba sa wanke abin aro."

Ƙwayoyin suka yi ta ja da baya a akwatin. Ya koma auna su da tafin hannu. Ana gab da ganin wata ya tarar da ɗan farin tabo a gindin jelar, kamar an ɗiga toka. Ya juya wa ƙofa baya don kada ta gani, ya kankare da wuƙa, ya shafa gishiri, ya share ƙasan akwatin da yatsu ya tattaro abin da ya saura. Wannan hayaƙin bai daɗe ba. Da ya mutu, Sunusi ya zauna yana kallon bututun har ƙarfen ya huce. Daga nan sai addu'a da juyawa a haske.

Ranar Cika-ciki ta zo da rana, abin da aka kwana biyu ba a gani ba. Surayya ta iso da garin dawa da kuka. Aka sauko da jelar, ya yanka ta a gaɓa-gaɓa, ya duba kowace gaɓa, ya sunsuna, sannan ya miƙa. Tukunya ta daɗe tana tafasa. Ƙamshin ya bi ɗaki-ɗaki har masu wucewa a lungu suna rage tafiya.

Aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye kwano gaban Kalsum. Ta daɗe tana kallon kwanon. Sunusi ya sami abin yi da carbinsa, Surayya ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Kalsum ta wanke hannu, ta gutsuri tuwo, ta dangwala, ta kai baki. Ta ɗauki gaɓa ɗaya ta tsotsa, ta juya ta, ta sake tsotsa. Sai ta ɓata fuska.

"Wa ya ƙyafe wannan?"

"Ni ne."

"Na sani. Aikin maza. Ka cika mata hayaƙi, Malam, kamar wanda ke korar sauro."

"A yi haƙuri."

Ta sake gutsura. Ta ci malmala ɗaya, ta jawo ta biyu, miya na bin hannunta zuwa gwiwa. Ta miƙa wa Surayya kwano ba tare da ta dube ta ba, aka ƙaro. Ba wanda ya yi magana, kada maganar ta tsayar da ita. Da ta gama ta suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta jingina da bango, ta yi gyatsa, ta yi hamdala.

"Baɗi ni zan ƙyafe da kaina," ta ce, idonta na rufewa. "Kai dai ka samo itace mai kyau."

"Allah ya kai mu," in ji Sunusi, sannan ya jawo nasa kwanon, wanda ya riga ya huce.